Kwalin Mus'ab da Igiyar Maiwada

A tashar Ajingi abin ya fara, ranar kasuwa, kuma a gabana. Ni ne Maiwada mai ɗaurin kaya, wanda mota ta kife da shi a hanyar Gaya ya fito da ƙafarsa yana kakkaɓe riga. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a yi abin da ya wuce ta tashar nan ban karance shi ba.

Jikata Zaituna tana soya ƙuli-ƙuli, ana yi mata oda ta waya daga Kano har Abuja, ni kuma in ɗaure mata a mota. Ran nan ta ɗauko kayanta a tsohon kwalin taliya. Tana saukewa gindinsa ya ɓalle, ƙullin leda suka watse a ƙasa.

Wani saurayi ya durƙusa yana tsince mata.

"Sannu, 'yar'uwa. Kwalin nan ya gaji, ya riga ya yi aikinsa."

"Kai likitan kwali ne?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Kusan haka. Mus'ab sunana, daga Gaya. Kwali nake sayarwa, da leda da salatif."

Ya ciro sabon kwali mai kauri biyu daga bayan babur ɗinsa, ya jera mata kayan, ya cusa takarda a gefe don kada su yi ta karo a hanya. Da ta ɗago ta dube shi, sai salatif ya kuɓuce daga hannunsa.

"Kai yaro," na ce, "matata ce fa kake kallo."

"Tuba nake, Kaka."

"Rabu da tsohon nan," in ji Zaituna, "haƙoransa ma sun sake shi, balle ni."

Daga nan waya ta ɗauka. Ni take karanta wa saƙonnin, don ta san cikina rijiya ne. Ga ɗaya da na riƙe:

"Zaitun, na samo miki leda mai kauri wadda mai ba ya ratsawa. Na so in aiko, sai na tuna in na aiko ba zan gan ki ba."

Ta mayar masa: "To kawo da kanka, Likita. Kada ka manta da salatif, na ga yana yawan faɗuwa."

Da oda ta yi mata yawa, ƙullin hannu ya gagara, yatsunta duk suka yi kanta. Sai Mus'ab ya kawo mata ƙaramin injin like leda, ya haɗa shi da batirin sola. A zuba, a danna, bakin leda ya manne ruf. Ya ce mata, "Abu ɗaya, Zaitun. Wannan ba ƙullin hannu ba ne da iska ke fita. Ki bar ƙuli ya huce sarai kafin ki like."

Ubanta Usaini, ɗana, manomi ne, tun farko bai so maganar Mus'ab ba. "Baba, mutumin da ba shi da ko kunya ɗaya ta gyaɗa a gona? Kwali wofi yake sayarwa fa." Shi ya fi son Tukur direba, wanda ke kai kayan Kano yana kuma aiko da goro.

Sai wata mai kanti a Abuja ta yi babbar oda. Mota tana shirin tashi, kasko na ƙarshe bai huce ba. A gidansu kuwa tun kakanni da ɗuminsa ake ƙullewa, ba abin da ke faruwa. Zaituna ta zuba, ta danna, na ɗaure kaya, mota ta tafi.

Ƙuli ya yi gumi a cikin leda, ya yi fumfuna. Aka dawo da kayan, Tukur ya sauke su a tsakiyar tasha yana ɗaga leda sama. "Ku zo ku ga aikin injin Gaya!"

Usaini ya ce inji ya bar masa gida, mai injin ma kada ya ƙara taka zaurensa. Mus'ab ya zo ɗaukar abinsa, Usaini ya zage shi a gaban mutane. Yaron ya durƙusa, ya ce, "Baba, laifina ne. A yi haƙuri." Ya ɗauki injinsa ya tafi.

Da la'asar Zaituna ta same ni a tasha, idanunta sun yi ja. Ta karanta min abin da ta tura masa: "Me ya sa ka ce kai ne? Ka gaya min, ni ce ban ji ba."

Amsarsa: "Ni a zage ni a Ajingi, in koma Gaya in kwana. Ke kuwa sunanki ne a jikin leda. Ki ci abinci, Zaitun."

"Kaka, yaya zan yi?"

"Ni dai zan je gaida ɗana," na ce. "In kina da hanya can, mu tafi."

A gaban ubanta ta durƙusa. "Baba, ni na like shi da zafi. Ya hana ni tun ranar da ya kawo injin. Rufa min asiri ya yi."

Usaini ya dube ta. "Na zage shi a gaban mutane, bai buɗe baki ya kare kansa ba?"

"Bai buɗe ba," ta ce.

"Usaini," na ce, "na ɗaure kaya tun ba a haife ka ba. Ina ganin kwali na san wanda zai kai Kano da wanda zai fashe a Wudil. Wannan yaron zai kai."

Ya share fuska da tafin hannu. "Ki ce ya dawo da injin. Ya kuma turo manyansa."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Mai kantin Abuja ma ta dawo, don sun sake mata kaya, wannan karon Zaituna ta baza shi a faifai har ya yi sanyi ƙalau. Kowane baƙo ya tafi da ledar ƙuli-ƙuli mai sunan ango da amarya, har Tukur, shi biyu ma ya ɗauka.

Kayan ɗakin amarya kuwa Mus'ab ne ya aiko da kwalayen, kowane kwano da takardarsa a gefe. Da aka zo ɗora su a mota ya taho da salatif, na ture hannunsa.

"Tsaya nan, ɓarawon mata. Kwali naka ne, igiya tawa ce."

Na ja, na ƙulle, na ƙara ja. Zaituna ta leƙo ta cikin mayafi tana kuka tana dariya. "Kaka, kada ka karya min kwanuka."

"Har Gaya ko cokali ba zai motsa ba," na ce. "Je ki, na sake ki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Cokali kuwa bai motsa ba. Ku tambayi direban.