Usur ɗin Atiku

Ni na kawo shawarar mu 'yan sikawut na elemantaren Isa mu kwana dajin Kamarawa. Amma Atiku ne Malam Halliru, mai kula da mu, ya rataya wa usur ɗin shugaba, wanda wani Bature ya aiko. Da magariba na sace usur ɗin, na jefa busasshiyar rijiyar makiyaya. A raina na ce, mai shi ma ya bi shi.

Tsakar dare aka busa usur sau uku. Wani dogo na tsaye bakin rijiyar, rigarsa na ɗigar ruwa.

Atiku ya miƙe da murna. "An tsinto min! Za ni amso."

Na cafke hannunsa. Dogon ya juyo, ya ce da muryata, "Sake shi. Ba kai ka ce ya biyo ba?"