Jijiyar da Za a Yanke Ranar Laraba

Rago ne ya haɗa su. Ragon da Hure ke kiwo a gidansu na Ƙofar Durbi ya rame, aka kira Ummaru, sabon malamin dabbobi. Yana shiga ya ga harawa rataye inda bakin ragon ba ya kaiwa.

"Wa ya rataye wannan?"

"Baba ne," in ji Hure. "Wai in shina gani, cin shi zai buɗe."

"Ai ƙona shi kuke." Ya dafa ƙeyar ragon. "Daga gindin ƙwaƙwalwa akwai jijiyar da ke sauka har tumbi. Ido ya gani, hanci ya shaƙa, sai ta umarci ciki ya zubo ruwan tsami. In abinci bai zo ba, cikin yake ci."

Gaskiya rabin bayanin ya wuce Hure, domin hannunsa take kallo.

Rago ya warke, so ya kama su. Amma Alhaji Dabo, mahaifinta, bai manta yaron da ya gyara masa kiwo a gaban iyalinsa ba. Ga kuɗin man fetur sun cika gari, ga Babaji ɗan kwangila yana faka sabuwar fijo a ƙofar gida, shi ma Hure yake nema. Da manyan Ummaru suka zo, Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba. "Sai bayan Sallah," ya ce. Haka aka yi Sallah uku.

Sai wasiƙa ta iso daga Ummaru.

"Hurena, na yi aman jini. Gyambon ciki ne. Laraba za su yanke mini jijiyar nan a Kano. Na ga ana yi wa dabbobi a makaranta, ba duka ke tashi ba. Ki auri Babaji, na yafe."

Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, in ka hana, ka hana. In ka ba, ka ba. Jiran nan ne ke kashe shi."

"In ya mutu hwa? Takaba za ki yi, ɗiyata."

"Na gwammace in yi mashi takaba da in yi ma wani kwalliya."

Alhaji ya aika a kira manyan Ummaru.

Ranar Talata aka ɗaura aure a zaure, ba ango, ba kiɗa. Washegari da asuba Gwaggonta ta raka ta Kano, suka isa asibiti ana shirin shiga da shi. Ya rame ƙwarai.

"Hure? Mi ya kawo ki?"

"Mijina na zo gani."

Ya rufe ido, hawaye na bin kunnensa.

"Allah shi albarkaci wanga aure," in ji Gwaggo. "Allah shi tashe ka."

Aka tura shi ciki, aka miƙo wa amarya takalmansa. Ta zauna a bakin ƙofa tana rungume da su, lallen hannunta ko gama kamawa bai yi ba.