Makullin Gidan da Ya Ƙone

Wa ya ce ku tambaye ni? Na hana ku zuwa wajen murhun nan na kan tudu, kuma in na hana abu na hana ke nan. Ni ban yi makaranta ba, amma na raini 'ya'ya bakwai, babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mini "don me". Ku kuwa baki kamar rediyo. To, ku zauna. Ke, sauke ƙafarki daga kan kujerata. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekarar da gobarar daji ta gangaro daga duwatsu, ƙanwata Erlinda ta tsira da rigar jikinta, da 'yarta Marisela, da makullin gida. Sai da ta kulle ƙofa kafin ta gudu. Da aka bar mutane suka koma, babu ƙofar, babu bango, sai murhun dutse da bututun hayaƙinsa tsaye a tsakiyar toka, wanda marigayi mijinta ya gina da hannunsa. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "To." Iyakar maganarta ke nan. Ba ta yi kuka ba. Suka tare a gidan nan, a ɗakin da kuke kwana. In an ba ta abinci ta ci, in an kira ta ta amsa, amma sai ka ce wadda aka yi wa allurar kashe zafi tun daga kai har ƙafa. Makullin kuwa kullum yana aljihunta.

Abu ɗaya ta sa a gaba. Ta sami mota irin mai ɗaki a ciki, mai gado da wurin girki da famfo, ta kafa ta a filinta kusa da murhun kafin dusar ƙanƙara ta sauka, ta zauna a ciki, ta sake gini a hankali. Sai aka ce mata Baba Filemon na ƙasan kwari yana da wata tsohuwa a bayan rumbunsa, tun rasuwar matarsa ba ta motsa ba.

Da la'asar sakaliya suka je, ita da Marisela, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai. Erlinda shekara ashirin da biyu ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta, ba a yi mata wayo a kan inji.

"A'a, sarauniyar titi!" in ji tsohon. "Kin zo ki kushe mini amarya?"

"Amaryar da ta kusa girme ni? Matsa, Baba."

Kafin komai ta ɗora tafin hannunta a kan bonet. Haka ake yi, don mai sayarwa yakan ɗumama inji kafin mai saye ya iso, kada a ga yadda motar ke gardamar tashi. Ƙarfen da ɗumi.

"Ka tayar da ita kafin in zo."

"Da me? Da addu'a? Batirin yana kicin tun bara."

Ta ɗaga bonet. Gurbin batir fayau, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ta gani, abin bai shige ta ba. Ta ce ya ɗauko batirin.

Ta zaro sandar baƙin mai, ta murza tsakanin yatsu. Ta duba shekarun tayoyi. Ta kwanta a ƙasa da tocila ta shiga ƙarƙashi, tana tsokanar tsatsa da sukundireba. Ta shafa kumfar sabulu a bututun gas don ta ga ko gas na yoyo. Daga nan ta shiga ciki, ta bi kusurwoyin silin tana dannawa da babban yatsa, domin ruwan sama shi ke kashe irin waɗannan motoci, ba tafiya ba. Ta buɗe kabad tana neman warin danshi, sai ta ji ƙaurin hayaƙi. Amma a shekarar nan ko burodi ƙaurin hayaƙi yake yi.

Ta ƙwanƙwasa bango sau uku don ta ji ko katakon ya ruɓe. Ta kasa kunne. Can daga ƙarƙashin gado aka ƙwanƙwasa sau uku.

"Mama, kin ji?" in ji Marisela daga bakin ƙofa.

"Katako ne yake saki."

Ta danna katifa. Akwai loɓawa a tsakiya, kamar yanzu wani ya tashi, kuma da ɗumi. Ta ɗauke hannunta ta goge a wando. Karen Filemon yana can jikin shinge, ya ƙi matsowa, ya ƙi haushi.

Saura tukunyar dafa ruwa ta motar. Ta cika tanki, ta kunna gas, ta jira. Rana ta faɗa bayan dutsen da ya ƙone, inuwa ta rufe kwarin, tsuntsaye suka yi tsit. Da ruwan ya tafasa sai ta durƙusa ta buɗe mazubar da ke ƙasa, don ta ga ko tsatsa za ta fito.

"Tsaya, 'yata! Ba a zuba wa ƙasa ruwan zafi da almuru ba a ce a gafara ba!"

Ya makara. Ruwan ya kwarara ƙarƙashin motar yana tururi. Wani abu ya yi ƙara siririya, ba ta kyanwa ba, ba ta jariri ba. Marisela, wadda ke tsaye nesa da ruwan, ta dafe damtsenta ta ce, "Wash."

"Ruwan garau yake," in ji Erlinda. "Tukunyar lafiya lau."

Filemon ya ce ta tafi da motar ta gwada ta kwana uku. Yana miƙa mata makulli, idonsa na wani wajen.

Ta ajiye ta a bayan gidan nan. Washegari da almuru muna cin wake da tortiya, gurasar masarar nan, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai wani. Sai wani, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Erlinda ta fita ta ɗauki ɗaya. Baƙi ƙirin da toka, da zafi kamar daga wuta aka ciro shi. Ta ajiye a kan taga, ta dawo ta ƙarasa wakenta.

Rana ta biyu aka fara jin muryoyi daga cikin motar, ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da ke jinyar wani. Damtsen Marisela ya tashi da bororo, ita da ruwa bai taɓa ba. Rana ta uku aka neme ta aka rasa. Uwar ta same ta a kan katifar nan, ta naɗe ƙafa, tana jijjiga filo a cinya, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa.

"Marisela, taso."

"Rufe mana ƙofa," aka ce da bakinta. Muryar tsohuwa ce, a bushe, mai kaushi.

Erlinda ta rufe ƙofar, ta ɗauki motata ta tafi ɗauko Inna Crucita.

Ku ba ku riski Crucita ba. Mai magani ce, ta gaji littattafan addu'a daga kakanta, ta karance su har takardun sun yi laushi kamar tsumma. Ta zo da kyandir da carbi da ƙwai da damin ganye. Ta shiga motar ta zauna a kan akwatin gas, Erlinda na tsaye a kan matakala. Gari ya yi jawur, sannan ya fara dusashewa. Crucita ta daɗe tana karatu. Ta shafa ƙwan a goshin yarinyar, ta fasa a kofi, ya fito a dafe.

"Da sunan Ubangiji, wace ce ke?"

"Mu na kan dutse ne. A kogon itace muke tun kafin kakanninku su kafa shinge. Wuta ta cinye." Bakin yarinyar na motsi, sauran fuskar kamar ta gawa. "Muka sami ɗaki babu kowa. Waccan ta zo ta ƙwanƙwasa, muka amsa. Ta taɓa shimfiɗarmu, ta ji ɗuminmu. Ta sani. Sannan ta ƙona mini jika."

Crucita ta waiga. "Erlinda, haka ne?"

"Na ji ƙwanƙwasar. Na ji ɗumin."

"Kika yi me?"

"Na ci gaba da dubawa."

"Fata a kan fata," in ji muryar. "Mun riƙe wannan."

"Ba ki isa ba, tsohuwa," in ji Crucita. "Zan zauna nan in yi ta karatu har Kirsimeti, ni ba ni da aikin yi. Faɗi wani abin."

"Ku riƙe motar," in ji Erlinda. "Ku ba ni 'yata."

"Ƙarfe mai yawo? Yau nan, gobe can? Mun gaji. Wuri muke so wanda ba ya motsi, wanda wuta ta riga ta ci, ba za ta dawo masa ba." Kan yarinyar ya juya a hankali. "Akwai makulli a aljihunki. In kina tafiya muna jin sa."

Crucita ta ce, "Ki san abin da ake nema. In kin bayar, ya tafi. Ba gini, ba ziyara, ko tsakuwa ba za ki ɗauka a can ba. Ke da 'ya'yanki da jikokinki."

Erlinda ta sa hannu a aljihu. Ta tuna mijinta a kan tsani, da siminti a gemu, yana ce mata ta miƙo dutse. Ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta. Babu abin da ya motsa. Sai ta dubi damtsen 'yarta, ta ciro makullin.

"Daga murhu zuwa tsohon shinge," in ji Crucita, tana nuna bakin yarinyar da carbi. "Ba ku ƙetarewa. Ba ku ƙara taɓa jinin gidan nan. Rantse."

"Na rantse da wanda ya yi mu, ya yi ku."

Erlinda ta sa makullin a tafin Marisela. Yatsun suka rufe. Da suka buɗe, toka ce kawai a ciki. Motar ta yi ƙara ta ɗago kaɗan a kan tayoyinta, sannan ta sake ɗagowa, ta sake, kamar mutane masu nauyi suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Kyandir ya kwanta ya miƙe. Marisela ta ƙifta ido.

"Mama, me nake yi da filo? Yunwa nake ji."

"Akwai sauran wake," in ji uwar.

Da safe Erlinda ta fita ta ɗora hannu a kan bonet. Sanyi ƙalau. Ta je ta sayi motar, don mota ce mai kyau, rufinta ba ya yoyo. Shekara tara ta yi a cikinta a bayan gidan nan. Ba ta ƙara hawa tudun ba, in ta bi ta hanyar ba ta waiwaye. Amma har ranar da ta rasu, in ta miƙe za ta fita, sai hannunta ya shiga aljihu ya laluba, ya fito.

Hayaƙin da kuka ce kun gani yana fita daga bututun da yamma, ba ƙarya kuka gani ba. Girkin mutane ne, a gidansu, kuma ba su gayyace ku ba.

Kai, share hancinka. Ku tashi ku wanke ƙafa, ku wuce ku kwanta. Wanda na ƙara jin muryarsa, gobe shi zai tsince mini wake.