Muryar Tsohon Jakada

Da safiyar Litinin Dokta Marisol Quintero ta buɗe durowarta a wata cibiyar nazarin yaƙi da sulhu da ke Washington, ta tarar kaset-kaset ɗinta sun yi ɓatan dabo. Hirarta ce da wani tsohon jakada da ya taɓa sasanta yaƙin kan iyaka. Ya rasu bara, kuma da sharaɗin kada a kwafa ya yarda. A kan kaset-kaset ɗin nan littafin da take rubutawa ya dogara kacokan.

Sufeton 'yan sanda Loretta Baptiste ta duba durowar. Ba a ɓalle ta ba. Ga kwamfuta a tebur, ba a taɓa ta ba. Wannan ɓarawo ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Ta fara da Dokta Raman, abokin ofishin Marisol.

"Kana ƙyashinta?"

"Sosai ma," ya ce yana dariya. "Amma tun Alhamis ina taro a Chicago. Tambayi waɗanda jawabina ya sa barci."

Ta bincika, haka ne.

Saura Farfesa Hallgren, malamin Marisol, wanda makullan cibiyar ke hannunsa. Ya zuba mata kofi.

"Kamar 'ya take a wurina," ya ce. "Amma ba wata asara aka yi ba. Shekara da shekaru ina neman tsohon nan, ko wayata bai taɓa ɗauka ba. Wai na iya lissafin ribar yaƙi amma ban san warin gawa ba. Ai kin ji maganar wanda tsufa ya taɓa."

Loretta ta koma ta maimaita wa Marisol. Nan take fuskar Marisol ta sauya.

"A kaset na ƙarshe jakadan ya faɗi haka. Ban kunna wa kowa ba, ban gaya wa kowa ba."

Loretta ta shiga ofishin Hallgren ba tare da ƙwanƙwasawa ba, Marisol na biye.

"Farfesa, ka ce ba ku taɓa magana da jakadan ba. A ina ka ji batun warin gawa?"

Ya ajiye kofinsa. Sannan ya tashi ya jawo kwalin kaset-kaset ɗin daga bayan littattafansa.

"Ni na koya mata yadda ake tambaya," ya ce. "Fagen nan ni na share shi. Ni ya kamata ya zauna da ni."

Marisol ta rungume kwalin, idonta ya ciko.

"Da ka tambaye ni, Farfesa, da na kunna maka duka. Ban da na ƙarshen."