Takardar da Dzarma Ya Ƙi Sa wa Hannu

Agnes na tsince shinkafa a tsakar gidansu a unguwar Bulabulin, tana ta murmushi ita kaɗai, sai ga Babanta Manasse, katikis mai koyar da addini a cocin Katolika, ya shigo yana huci. Wai Dzarma, saurayinta ɗan cocin Angalikan, ya ƙi sa hannu a takardar da Fada, limamin Katolika, ya ba shi, wadda ke cewa duk 'ya'yan da za su haifa Katolika za su bi.

"In babu hannu, babu aure," in ji Manasse.

Ranar dai shinkafar nan da tsakuwarta aka ci.

Mahaifiyar Dzarma, Salomi, mace mai son abu ya tafi da sauri, ta ce masa ya sa hannu kawai, in an haihu ya kai yaran inda ya ga dama. Ita ma Agnes ta roƙe shi da hawaye. Ya ce:

"Agnes, ina son ki har raina. Amma ba zan shiga gidanki da ƙarya a aljihu ba."

Maganar ta kai ga Fada da Rabaran na Angalikan. Mutanen da a da daga kan keke kawai suke gaisawa, sai ga su a gindin dalbejiya suna shan shayi, suna musu. Fada ya ce doka ce, Rabaran ya ce lamirin mutum fa? Shayi ya huce, musu bai huce ba. Abu guda dai suka yarda da shi: alkawarin da zuciya ba ta ɗauka ba zunubi ne a cocinsu duka biyun. Fada ya rubuta wa Bishop.

Wata biyar Agnes tana jira, har ta rame, amma ba ta ƙara matsa wa Dzarma ba. Amsa ta zo a 1966: ya isa Dzarma ya yi alkawari da baki cewa ba zai hana ta addininta ba, ba kuma zai hana ta koya wa yaran ba. Wannan kuwa ya faɗa da zuciya ɗaya.

Manasse ya sauko da kansa. Ya ce wanda ya ƙi yin ƙarya don ya sami 'yarsa, ba zai yi mata ƙarya bayan ya same ta ba. Gaskiya takan jinkirta biki, amma ita ke riƙe aure.

Ranar ɗaurin aure ya miƙa wa ango alƙalami gaban littafin coci, yana dariya:

"Ɗana, wannan dai za ka iya?"

Dzarma ya sa hannu tun kafin surukinsa ya rufe baki.