Rabinsa Mota, Rabinsa Mutum

"Yaya, don girman Allah kar ka taka!"

Auta ta zube gwiwa biyu a tsakiyar falo, ta kifa tafukanta a kan ɗan mutum-mutumin da yayanta ya yi jifa da shi. Takalminsa ya tsaya dab da yatsunta.

"Janye hannunki!"

"Wallahi sai dai ka taka ni..."

"Mama, kina gani ko? Ƙato da gemunsa, yana aikin asibiti, abin da ya ga ya dace ya kawo wa wadda zai aura ke nan. Kayan wasan yara!"

Mama ta taɓe baki. "Ni dai ban haifi 'yar da za ta ƙare rayuwarta tana goge wa miji 'yan tsana ba."

"Ba 'yan tsana ba ne, Mama. Tarawa yake yi..."

"Au, tarawa! Sa'anninsa na tara abin kansu, shi yana tara roba. Sannunsa da ƙoƙari."

Baba na gefe a kujerarsa yana jin su. Auta ta ɗauke abinta ta shige ɗaki, tana kuka tana duba ko gaɓarsa ta goce.

A shagon gyaran agogo na Baba aka faro komai. Tun da idonsa ya yi rauni, Auta ce ta gaji teburin, da gilashin ido ɗaya da ƙananan sukurudirebobi. Wata rana wani dogo ya shigo, ya kwance hankici a gabanta kamar mai ɗauke da ƙwai. 'Yar mota ce ruwan ɗorawa, ba ta kai tsawon yatsa ba.

"Malama, kuna da noti ƙarami irin na bayan agogo?"

"Na motar yaronka?"

"Tawa ce," ya ce, ko kunya babu.

Ya juya ta nan, ya murɗa can, ƙofofi suka zama hannuwa, gaban motar ya zama ƙirji, kai ya leƙo. Irin mutanen ƙarfen nan ne na cikin fim, masu rikiɗewa su koma mota. Auta ta saki baki. Ta ɗaura masa notin kafaɗa, ta ƙi karɓar ko sisi, shi kuma daga ranar agogonsa ya shiga lalacewa duk mako.

Dokta ake kiransa, duk da ya gaji da faɗa wa mutane cewa shi magani kawai yake miƙawa ta taga. Shi ya koya mata yadda ake juya su.

"A hankali, 'yar agogona. Kar ki taɓa yi masa dole. In ya ƙi, koma baya, akwai abin da kika tsallake."

Ba a jima ba ta fi shi sauri. Yakan dafe kai ya ce, "Shi ke nan, na koya wa wadda za ta ƙwace min sarauta."

A wayarsa ta fara ganin kabad ɗin gilashin da ya jera su, sahu-sahu. Can sama akwai wani ja shi kaɗai, ƙafafu na mutum, sama kuma har yanzu mota, ƙofa ɗaya a wangale.

"Wannan fa? Ya aka bar shi haka?"

Murmushinsa ya ɗauke. "Wata rana zan ba ki labarinsa, zuciyata."

Ta san yana da ƙane da ya rasu a hatsarin babur shekarun baya. Ba ya son zancen, ita ma ba ta tona. Bai taɓa zuwa mata a rai cewa abubuwan biyu suna da haɗi ba.

An daɗe ana ja-in-ja a gidansu. Yaya ya hana shi tsayawa a ƙofa, Mama ta daina amsa gaisuwarsa. Auta ta rame, ido ya faɗa, abinci sai an yi da gaske. Ranar da Baba ya gaji, ya tara su ya ce, "Na zauna na kalli hannun yaron nan a shagona. Wanda zai lallaɓa gaɓar roba don kar ta karye, ba zai karya min 'ya ba. Na ba shi."

Auta ta yi kukan daɗi har da shessheƙa. Ta kira Dokta a waya.

"Masoyi... Baba ya yarda!"

"Sake faɗa, don Allah. Sake faɗa in ji!"

Bayan 'yan kwanaki Ummansa ta aiko tana son ganinta. Ta je da rana, Dokta na wurin aiki. Tsohuwar ta riƙe hannunta tana sa mata albarka, har maganin da ta sha ya sa ta gyangyaɗi.

A gidan akwai Gimbiya, 'yar ƙanwar Umma, wadda ta tashi a nan tun tana ƙarama. Sunan ya bi ta ne don ko cokali ba ta ɗagawa. Kowa a dangi ya san ta daɗe da sa rai da Dokta, kowa ban da Auta. Ranar kuwa sai haba-haba take yi da ita.

"Amaryarmu! Taso ki ga 'ya'yan mijinki."

Ta ja ta ƙaramin falo, ta ɗauko makulli a bayan hoton bango, ta buɗe kabad ɗin. Auta ta tsaya tana kallo, zuciyarta fal. Ga motar kashe gobara, ga jirgi, ga babbar tirela, kowanne tsaf babu ƙura. Sai jan nan na sama, shi kaɗai ya yi futu-futu.

"Kin ga wancan?" Gimbiya ta rage murya. "Shi ne ya gagari Yaya Dokta. Shekara da shekaru ya kasa ƙarasa shi, har ya yi fushi ya daina taɓawa. Girman kai ne ya hana shi faɗa miki."

"Haba dai?"

"Wallahi. Ai kullum sai ya ce hannunki ya fi nasa. Ki ba shi mamaki mana. Ni da na iya, da tuni na yi."

Auta ta yi ɗage ta sauko da shi. Daɗi ya cika ta, yau za ta yi masa abin da ya kasa yi wa kansa. Ta hure ƙurar. A kan rufin akwai wani baƙin tabo na maiƙo, ta sa bakin mayafinta ta murje shi tas har jan ya yi ƙyalli. Sannan ta fara. Ƙofa ta naɗe, kafaɗa ta fito, rufi ya koma baya. Ko gardama bai yi mata ba, har ta yi mamakin abin da ya gagara a nan. Kai ya fito da ɗan sauti, ƙas.

Daidai nan ta ji sallamar Dokta.

Ta juyo da shi a tafin hannu, fuskarta kamar an kunna fitila. "Masoyi, duba! Na ƙarasa maka!"

Jakarsa ta suɓuce ta faɗi.

Bai yi ihu ba. Da ma ihun ya yi, da ya fi sauƙi. Ya tako a hankali, ya dubi saman kabad, ya dubi hannunta.

"Me... me kika yi?"

"Na ce ko..."

"Ina tabon? Akwai tabo a rufin. Ina yake?"

"Na goge. Datti ne, na..."

"Yatsansa ne!"

Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

"Yatsan ƙanena ne. Ya gama gyaran sarƙar babur ɗinsa, hannunsa duk baƙin mai, ya ɗauka yana juyawa, ina yi masa faɗa zai ɓata min. Aka kira shi a waya. Ya ajiye ya ce, 'Yaya, kar ka taɓa, in na dawo zan ƙarasa.' Ya fita..." Ya ɗaga ido ya dubi saman kabad. "Ban taɓa ba. Ko ƙura ban taɓa hurewa ba. Kayansa duk an rabar, ɗakinsa an yi fenti. Wannan kaɗai ya rage a duniya yadda hannunsa ya bar shi."

"Innalillahi..." Auta ta faɗa. Ta waiga neman Gimbiya.

Tana bakin ƙofa, hannu a ƙirji. "Wayyo! Ni fa na ce mata a kalla kawai ake yi. Kafin in ɗebo mata ruwa..."

"Ƙarya kike yi! Ke kika ce ya gagare shi! Ke kika ba ni..."

"Ya isa," Dokta ya ce, idonsa a rufe. "Ita ta san labarin, na san aikinta ne. Amma ki je gida, Auta. Don Allah ki je."

Tun da suke bai taɓa kiranta Auta ba.

Sai da ta isa gida ta ga abin yana dunƙule a hannunta, har ya yi mata shaida a tafi.

Umma ta kori Gimbiya a ranar, ta koma gidan iyayenta. To, me hakan ya gyara? Dokta ya daina zuwa shago. In ta kira yakan ɗauka, ya amsa gaisuwa, ya ce yana lafiya, sai shiru ya biyo baya har ta ji kunyar numfashinta ta kashe. Yaya ya samu abin faɗa.

"Ban gaya muku ba? A kan roba zai wulaƙanta mana yarinya!"

"Ba roba ba ce, Yaya," ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi ba roba ba ce."

Ta tuna abin da Dokta ya koya mata. In ya ƙi, koma baya. Ta zauna a teburin shago, ta sa gilashin ido, ta ture agogunan mutane gefe. Ta mayar da kai ciki, ta dawo da rufi, ta buɗe ƙofa ɗaya. Ta hagu ce ko ta dama? Hannun a miƙe yake ko a lanƙwashe? Ta roƙe shi hoton nan na waya, ya ce ya goge, ba ya iya kallo. Ta yi ta juyawa tana warwarewa har yatsunta suka yi kanta. Baba na jin ƙas-ƙas ɗin daga kujerarsa, ya kawar da kai yana share ido.

Ranar da ta ga kamar ya yi daidai, ta naɗe shi a hankici ta tafi asibiti. Ta bi layin masu karɓar magani kamar kowa. Da ta iso taga ya ɗago, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ba abokin aikinsa wuri, ya fito suka tsaya a baranda.

Ta kwance hankicin.

"Na mayar... Duba, masoyi. Haka yake, ko?"

Ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya juya shi hagu, ya juya dama, ya ɗaga shi sama daidai inda yake hangensa a kabad.

"Haka yake?" ta sake tambaya. "In ba haka ba ne ka faɗa min, zan gyara. Ko sau nawa ne zan gyara."

Hawaye ya gangaro masa.

"Ban sani ba."

"Na'am?"

"Ban sani ba, Auta! Kullum sai na kalle shi kafin in fita, kullum. Yanzu ga shi a hannuna, na kasa tuna ƙofar hagu ce ko ta dama." Ya toshe baki da bayan hannu. "Na zaci na riƙe shi a kaina. Ashe kabad ne ya riƙe min."

"Ka yafe min... don Allah ka yafe min."

"Na yafe tun a ranar. Ba ki da laifi, ni ne ban faɗa miki ba. Na yi ta cewa wata rana." Ya ja numfashi. "Na gwada, Allah ya sani na gwada. Amma duk na rufe ido, ke nake gani kina murmushi, kina miƙo min shi. In na aure ki haka, zan cuce ki. Za ki yi ta ba ni haƙuri har ki tsufa, a kan abin da ba ki yi da gangan ba."

"Na yarda! Ka bar ni in yi ta bayarwa!"

"Ni ban yarda ba, 'yar agogona."

Sunan ya fi komai yi mata ciwo. Ya naɗe hankicin, ya sa mata a hannu, ya koma ciki. Ta tsaya har ta ji muryarsa ta taga yana kiran mai bi.

Manyansa suka zo suka ba Baba haƙuri. Mama, wadda ta fi kowa ƙin auren, ita ta rungume Auta suka yi kuka tare. Daga baya aka ce Dokta ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin, kabad ɗin kuma yana nan a rufe a gidan Umma, saman babu komai.

Auta na nan a shago. Tana gyara agogo, tana amsa gaisuwa, in an yi abin dariya takan taya. Jan yana cikin aljihun tebur, tare da sukurudirebobi. In kasuwa ta yi sanyi takan fito da shi, ta rufe ƙofar hagu ta buɗe ta dama, ta zuba masa ido.

Rannan Baba ya ce, "Auta, ki bar shi haka nan, 'yata."

"To, Baba," ta ce.

Ta ɗan jima. Sannan ta rufe ta dama, ta sake buɗe ta hagu.