Auta Ta Hau Dandamali

"Ka cire sunan ƙanwata daga takardar nan!"

Ban ko yi sallama ba na faɗa zauren makarantar, tef ɗin awo yana rataye a wuyana. Malamin wasan kwaikwayo ya ajiye kujerar da yake ɗauke da ita.

"Ranki ya daɗe, wace ce ƙanwar taki?"

"Wadda ka tsayar jiya a gaban aji har ta fashe da kuka! Yarinyar da ko gaisuwa sai an matsa mata, ita za ka ce ta yi wasa?"

Shekarar Auta goma sha huɗu. Tun rasuwar mahaifiyarmu ta daina magana sai dole, har ɗalibai suka sa mata suna Kurma. Mu biyu muka rage a gidan. Ni da keken ɗinkina a shago, ita da littattafanta a ƙuryar ɗaki. Sai mu ci abinci mu tashi ba ka ji komai ba sai ƙarar cokali.

Ya buɗe wani fayil ya miƙo mini takardar zaɓen darussa.

Rubutun Auta ne, da hannunta ta zaɓa. A ƙasa ta ƙara da ƙananan baƙaƙe: "Ina so in koyi magana."

Na mayar masa da takardar a hankali.

"Na yi kuskure jiya, na yi mata gaggawa," in ji shi. "Ki ba ni zango ɗaya. Ba zan sake tsayar da ita ba sai ranar da ta nema da bakinta."

Aikin da ya ba ta shi ne riƙe takardar wasa a bayan labule. Duk wanda ya manta maganarsa, ita ke raɗa masa. Cikin wata guda ta haddace wasan kaf. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke na ji muryar wata tsohuwa tana masifa a ɗakinmu. Na leƙa a tsorace.

Auta ce a gaban madubi!

Na koma kicin na toshe baki da ɗankwali, ina dariya ina hawaye.

Shi kuwa Malam, kayan 'yan wasa suka kawo shi shagona. Riga goma sha biyu ya ce in ɗinka, amma zuwansa ya fi ashirin.

"Malam, wannan maɓallin jiya na sa shi."

"Ya sake cirewa..."

"Da kansa?"

"To, an ɗan taimaka masa."

Na sunkuyar da kai ina taka keke don kar ya ga murmushina. Shekara uku rabon da wani ya tambaye ni ko na gaji. Shi kullum sai ya tambaya.

"Yayar Auta," in ji shi wata ranar Laraba, yana juya kwarkwaron zare a hannunsa, "ina tsayawa gaban mutum ɗari in yi magana ban ji komai ba. A gabanki kuwa harshena sarƙewa yake. Ina sonki, sanyin idona."

Allura ta soke ni a yatsa, ban ji zafi ba.

Kawu, wan mahaifiyarmu, bai ji daɗin labarin ba.

"Marainiya kunyarta ita ce adonta, za ku mayar da ita mara ta-ido! Ke kuma duk mazan duniya ki rasa sai mai koya wa yara ƙarya?"

"Kawu, darasi ne kamar kowane darasi..."

"Rufe mini baki!"

Da Kawu ne kaɗai da mun lallaba shi. Amma akwai malamar kimiyya, wadda ta daɗe tana kai wa Malam abinci ofis yana mayar mata da godiya. A makon da Auta ta ɗaga hannu da kanta ta nemi a ba ta matsayin tsohuwar, Malam kuma ya ba ta, a makon malamar ta kai ƙara ofishin shugabar makaranta. Kafin a tashi magana ta cika azuzuwa: wai don yana neman yayarta ya ba Kurma matsayi.

Auta ta dawo da rubutun alli a bayan rigarta: "Ƙanwar amarya."

Ta shige ɗaki ta ja bargo. Kwana huɗu ko "uhm" ba ta ce ba.

Da ya zo shago ban bar shi ya zauna ba.

"Ka ga abin da muka ja mata?"

"Ki saurare ni, masoyiyata, wallahi da cancantarta..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Ita kaɗai ta rage mini a duniya. Ka tafi, Malam. Don Allah ka tafi."

Ya daɗe yana kallona. Ya ɗauki rigunan ya fita.

Bayan sati biyu na ji ya nemi canjin wurin aiki, an tura shi wani gari mai nisa. Ya bar wa shugabar makaranta wasiƙa cewa a sake gwada ɗaliban a gaban wasu malamai, wanda ya ci ya ci.

Gidan ya koma yadda yake. A shago kujerar baƙi ta zama wurin jibge yadi. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin titi sai na ɗaga kai, sai in ga mai kawo gyaran wando ne. Sau nawa na lalubo lambarsa in mayar da wayar cikin aljihun keke, ni ma ban sani ba.

Ashe Auta ta je gwajin har ta ci, ba ta gaya mini ba. Da safiyar ranar wasan ta tsaya a bakin ƙofa, tana murza gefen hijabinta.

"Yaya... za ki zo?"

Na zauna a layin ƙarshe, kujerar kusa da ni babu kowa. Da aka ja labule ta fito da sanda, an shafa mata hoda a gira. Ta kalli jama'a ta daskare. Wasu suka fara ƙus-ƙus, wani ya yi tari da gangan. Na damƙe jakata har farcena ya lanƙwashe.

Sai ta buga sandar a ƙasa.

"Wane mara kunyar ne yake tari ana magana?"

Babu wannan a cikin wasan! Zauren ya kece da dariya da tafi, ita kuma ta zarce da masifarta, muryarta na rawa amma tana kaiwa har inda nake.

Da aka gama ta gudu bayan labule ta ƙi fitowa gaisuwa. Kunyarta na nan, ba inda ta je. A can na same ta zaune a kan akwati, hodar ta dame da gumi.

"Yaya, ba don ke ya zaɓe ni ba. Kin gani ko?"

"Na gani, Auta."

"To me ya sa kika kore shi?"

Na fita bayan zauren, rana tsaka, na jingina da bango na danna lambar. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ta yi?" Ko gaisuwa babu.

"Ta yi, Malam. Har da ƙari."

Na ji ya sauke ajiyar zuciya. Ina jin hayaniyar ɗalibansa daga can.

"Ke fa?" in ji shi a hankali. "Kina lafiya?"

"Ba na lafiya." Hawaye suka zubo. "Na zalunce ka. Kawu bai sauko ba, ban san ranar da zai sauko ba. Ba ni da abin da zan yi maka alkawari da shi..."

"Abu ɗaya nake son ji."

Na share fuska da bayan hannu.

"Ina sonka. Ka dawo."

"Motar Asabar da sassafe take tashi," in ji shi. "Ki gaya wa Kawu yana da baƙo."